Darajar Tsohuwar Kyamarar Dijital A Wurin Gwanjo

Wataƙila a cikin masu karanta wannan jarida akwai wanda ya ke da wata 'yar kyamara ajiye a cikin akwati ko aljihun tebur, wadda ya saya da tsada shekara goma sha biyar ko ashirin da suka wuce, ya ɗauki hotunan suna da na biki da na 'yan makaranta da ita, sa'an nan wayar hannu ta zo ta karɓe mata aiki. Wataƙila kuma akwai akawun da ke riƙe da littafin sito, a cikin littafin nan akwai kyamara biyu ko uku da aka saya wa ofis ko makaranta, an daɗe ba wanda ya taɓa su, ana jiran ranar da za a fitar da su gwanjo tare da karyayyun kujeru da tsofaffin tafireta. Tambayar da ke gaban mutanen nan biyu ɗaya ce, watau in an kai abin nan gwanjo nawa zai yi?

Mun duba yadda cinikin ya ke tafiya a manyan kasuwannin gwanjo na Turai da Amurka da Japan, inda a ke sayar da irin waɗannan kaya kullum rana. Abin da muka gani shi ne, kuɗin da mutum ya saya ba ya shiga lissafin mai taya, yawan shekarun kyamara kuma ba ya ƙara mata ko kwabo don kansa. Abu uku ne ke yanka mata daraja. Na farko, ko tana aiki, kuma ana samun batir da kati da kayan gyaranta. Na biyu, ko irinta ta yi yawa a duniya ko kuwa ta yi ƙaranci. Na uku, ko ana yayinta a lokacin da aka fito da ita. Za mu bi su ɗaya ɗaya, domin mai sayarwa kada ya yi asara cikin rashin sani, mai saye kuma kada ya sayi wahala da kuɗinsa.

Mafarin Abin

Kafin mu shiga maganar kuɗi ya kamata mu bayyana abin da a ke nufi da kyamarar dijital. Kyamara irin ta da tana ɗaukar hoto ne a kan fim, a kai shi ɗaki mai duhu a wanke da magunguna. Ita kuwa ta dijital ba ta da fim. A bayan gilashinta akwai wani ɗan faranti mai kama haske, wanda masu sana'ar ke kira sensa. An rarraba fuskar farantin nan zuwa ƙananan ɗigo, kowane ɗigo yana auna hasken da ya faɗo masa ya mai da shi lamba, sa'an nan a tara lambobin a cikin katin ajiya. Yawan ɗigon nan shi ne abin da 'yan kasuwa suka daɗe suna tallar kyamara da shi.

Wani injiniya na kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson shi ya haɗa irin wannan na'ura a birnin Rochester na Amurka cikin 1975. Nauyinta kilo 3.6, ɗigonta 10,000 kacal, hotonta baƙi da fari, kuma sai ta yi sakan 23 kafin ta gama rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Ba a kai ta kasuwa ba. Sai cikin 1991 Kodak ya fito da wadda a ke kira DCS 100 domin 'yan jarida, mai ɗigo miliyan 1.3, kuɗinta wajen dala 20,000, waɗanda aka sayar kuwa ba su cika dubu ba.

Daga nan abin ya yi ta gangarowa zuwa hannun jama'a. Cikin 1994 kamfanin Apple ya fito da QuickTake 100 a kan dala 749, wadda in ta ɗauki hoto takwas masu kyau ta cika. Cikin 1995 Casio ya kawo QV-10 mai ɗan allo a baya, inda mutum zai ga hotonsa nan take. Cikin 1997 Sony ya kawo Mavica mai rubuta hoto a kan faifan flofi na kwamfuta. Cikin 1999 Nikon ya fito da D1 mai ɗigo miliyan 2.7, kuɗinta fiye da dala 5,000. Shekara huɗu kacal bayan wannan, watau cikin 2003, Canon ya fito da EOS 300D mai ɗigo miliyan 6.3 a kan dala 999 har da gilashinta. Cikin 2005 kuma ya biyo da EOS 5D mai ɗigo miliyan 12.8 da babban faranti daidai faɗin fim, a kan dala 3,299.

Mai karatu ya lura da wannan jeri. Ɗigo yana hawa, kuɗi yana sauka. Wanda ya sayi D1 cikin 1999, kafin ya more ta sosai an riga an fito da wadda ta ninka ta yawan ɗigo, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya biya ba.

Abin Da Ya Karya Darajarta

Dalili na farko ke nan da ya sa kyamarar dijital ta ke saurin faɗuwa: sabuwa kullum ta fi tsohuwa aiki, ta kuma fi ta araha. Dalili na biyu shi ne yawa. Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, wadda a ke kira CIPA, tana ba da lissafin abin da kamfanoninta suka fitar kowace shekara. Cikin 2010 kaɗai sun fitar da kyamarar dijital wajen miliyan 121. Amma tun cikin 2007 aka fara sayar da iPhone, sauran wayoyi masu kyamara suka biyo baya, kowa ya ga ba shi da bukatar ɗaukar abu biyu a aljihu. Kafin 2023 lissafin nan ya sauko zuwa miliyan 7.7. Shi kansa Kodak, wanda a gidansa aka haifi abin, cikin Janairu 2012 ya je kotu ya nemi kariya daga masu binsa bashi.

To, miliyoyin nan da aka sayar ba su ɓace ba, suna nan cikin akwatuna a ko'ina cikin duniya, kuma kullum waɗansu suna fitowa kasuwa. Abin da ya yi yawa haka ba ya tsada. Saboda haka ne Nikon D1, wadda manyan jaridun duniya suka yi aiki da ita, galibi a yau ba ta kai kashi 5 cikin 100 na kuɗinta na fari. EOS 5D kuwa, ko da ya ke har yanzu tana ɗaukar hoto mai kyau ƙwarai, galibi ba ta kai kashi 10 cikin 100. Ko QuickTake 100, da ta ke ɗauke da sunan Apple da tarihi, yawanci ba ta mai da kuɗin da aka saye ta sabuwa.

Dalili na uku shi ne gyara, kuma shi ya fi muhimmanci. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma a ke magani. Maganar ta dace da kyamarar fim, domin cikinta ƙarfe ne da ƙananan haƙora da waya mai tsalle irin na agogo. In wani abu ya karye gwanin maƙeri yana iya ƙera madadinsa, fim ɗin da a ke sayarwa yau kuma yana shiga Leica ta 1925 daidai wa daida. Amma zuciyar kyamarar dijital, watau farantin nan da sauran kayan lantarkin da ke tare da shi, ba a ƙera su sai a manyan masana'antu. Ran da masana'anta ta daina ƙera irinsu, shi ke nan. Kamfanoni kuma su kan daina karɓar gyaran kowace kyamara bayan 'yan shekaru da daina yin ta. Daga ranar, in ta lalace ba ta da magani sai an yanko daga jikin wata irinta da ta mutu.

Inda A Ke Samun Miliyoyi

Mutane su kan ji labarin an sayar da kyamara miliyoyi a gwanjo, sai zuciyarsu ta tashi, su tuna da tasu da ke cikin akwati. Ya kamata mu dubi labaran nan da kyau.

Ran 11 ga Yuni 2022, a garin Wetzlar na Jamus, aka yi gwanjon wata Leica mai lamba 105. Masu gwanjo sun yi ƙiyasin za ta yi Yuro miliyan 2 zuwa 3, sai ga shi ta tashi a kan Yuro miliyan 14.4. Me ya kawo haka? Kyamarar fim ce ta 1923, tana cikin guda ashirin da 'yan kai da aka yi don gwaji kafin a fara sayar da Leica cikin 1925, kuma ta Oskar Barnack ce, mutumin da ya ƙago Leica ɗin, har da sunansa a rubuce a jikinta. Wata 'yar'uwarta mai lamba 122 an sayar da ita Yuro miliyan 2.4 a birnin Biyena na Ostiriya cikin 2018. Dubi bambancin da sunan mutum ɗaya ya kawo.

A cikin na dijital ma an taɓa ganin haka. Cikin Nuwamba 2013, a gidan gwanjo na Sotheby's da ke birnin Niyok, aka sayar da wata Leica M ta dijital a kan dala miliyan 1.8. Jony Ive, mai zana kayan Apple a lokacin, da abokinsa Marc Newson su suka tsara jikinta, guda ɗaya tak aka yi, kuɗin kuma an ba da shi ne don yaƙi da cutar ƙanjamau a Afirka. Alhali kuwa irin wannan kyamara da irin gilashinta, in mutum ya shiga kanti a shekarar, ba za su kai dala 15,000 ba. Ashe ba aikin kyamarar aka saya ba. An sayi kasancewarta ita kaɗai, da sunan masu tsara ta, da ladan sadaka.

Saboda haka duk wanda ke da kyamarar da aka yi dubu ɗari ko miliyan irinta, ya cire waɗannan labarai daga ransa. Masu tara kayan tarihi suna neman irin su DCS 100 ne, domin kaɗan aka yi, kuma tana cikin na farko.

Darasin Leica M9

Akwai wata kyamara da labarinta ya tattara duk abin da mu ke faɗi. Ran 9 ga Satumba 2009 kamfanin Leica ya fito da M9 mai ɗigo miliyan 18, a kan dala 6,995. Farantinta Kodak ya ƙera, irin wanda a ke kira CCD, masu ɗaukar hoto da yawa kuma suna son launin da ya ke bayarwa. Bayan 'yan shekaru sai aka fara ganin waɗansu tabo a cikin hotuna, aka bincika aka tarar ɗan gilashin da ke rufe da farantin ne danshi ke ci. Leica ya yi ta canza wa mutane faranti kyauta, cikin 2017 ya taƙaita kyautar, cikin 2020 kuma ya ba da sanarwa cewa farantin ya ƙare, ba za a ƙara canzawa ba.

Har yanzu M9 tana yin dubban daloli a gwanjo, domin ba a yi ta da yawa kamar sauran ba, kuma tsofaffin gilasan Leica na tun 1954 suna hawa kanta. Amma in aka fito da biyu a rana ɗaya, tambayar farko da masu taya ke yi ita ce, an canza faranti ko ba a canza ba? Wadda aka sa wa sabon faranti irin wanda danshi ba ya ci, kuma ga takardar shaida daga kamfanin, ta kan fi 'yar'uwarta kuɗi nesa ba kusa ba, ko da ya ke a ido ba ka iya bambanta su. Akawuna su lura da wannan: takarda guda da aka adana da kyau tana iya zama daidai da albashin watanni.

Yayi

Sai abu na uku, wanda ba wanda ya yi tsammaninsa. Tun daga wajen 2022 samari da 'yan mata a Amurka da Turai da Asiya suka fara neman ƙananan kyamarori na aljihu na shekarun 2000, irin su Canon IXUS da Nikon Coolpix da Sony Cyber-shot. Sun ga hotunan da a ke ɗauka da su a TikTok da Instagram, suka so su. Dalilinsu kuwa shi ne wayar hannu ta yanzu tana gyara hoto da kanta har ya yi sumul fiye da kima, su kuwa suna son hoto mai walƙiyar fitila a fuska da ɗan dishi-dishi, irin wanda suka gani a cikin albam na iyayensu. Waɗansu kuma suna son su fita yawo da abin ɗaukar hoto wanda ba ya kawo musu saƙo kowane minti.

Nan da nan kasuwa ta juya. Kyamarorin da a da a ke zubawa cikin kwandon kayan araha, waɗansunsu suka koma dala 100 ko 200, har da fiye. Ana samun 'yar ƙaramar IXUS ta fi Nikon D1 kuɗi, alhali ranar da suna sababbi D1 ta ninka ta sau goma ko fiye. Launin jiki ma yana shiga ciniki, domin mai ruwan hoda ko ja ta kan fi baƙa ko mai ruwan azurfa samun masu taya.

Haka ya faru ga Fujifilm X100V, wadda aka fito da ita cikin Fabrairu 2020 a kan dala 1,399. Da aka yi yayinta cikin 2022 sai kamfanin ya kasa biyan bukatar masu saye, har ta hannu ta zo ta fi sabuwa tsada, tun da sabuwar ba a samunta a kanti. Cikin Fabrairu 2024 kamfanin ya fito da magajiyarta X100VI a kan dala 1,599.

Amma fa a yi hattara. Yayi ba ya zama wuri ɗaya, kuma masu ƙera kyamara sun ga kasuwar sun fara fito da sababbin ƙanana. Wanda ya sayi tsohuwar kyamara da tsada don ya ɓoye ta ƙara kuɗi, ya sani batirinta yana mutuwa a ajiye, yayin kuma ba a hannunsa ya ke ba.

Yadda Gwanjo Ya Ke Yanka Kuɗi

Gwanjo iri biyu ne. Akwai na manyan gidaje, inda masana ke duba kaya su rubuta bayaninsu da ƙiyasin kuɗinsu a cikin littafi, ran gwanjo kuma mai guduma ya tsaya yana karɓar tayi. Waɗannan ba su cika karɓar kyamarar dala hamsin ba. Akwai kuma na intanet, kamar eBay da aka kafa a Amurka cikin 1995, da gwanjon Yahoo na Japan, inda kowa ke iya sa kayansa. Yawancin tsofaffin kyamarorin dijital a nan su ke ƙarewa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, ba wanda ya fi kowa son kaya ne ke yanka kuɗinsu ba, na biyunsa ne. A eBay mai taya ya kan rubuta iyakar abin da zai iya biya, na'ura ta riƙa taya masa kaɗan kaɗan. Mu ɗauka ka rubuta dala 100, abokin takararka ya tsaya a 70. Kai za ka ci, amma dala 71 za ka biya. In kuwa babu abokin takara sam, za ka ɗauka a kan kuɗin da aka buɗe da shi. Watau kyamara ɗaya tana iya yin dala 40 yau, ta yi 120 mako mai zuwa, bisa ga ko mutum biyu masu sonta sun haɗu a kanta ko ba su haɗu ba. Don haka ne gwanaye ba su duba kuɗin da masu kaya ke nema, sai su duba jerin waɗanda aka riga aka sayar, su ɗauki goma ko ashirin na kwanan nan, su ga inda yawancinsu suka tsaya. Kuɗin nema buri ne, kuɗin sallama shi ne daraja.

A eBay galibi gwanjo yana rufewa a kan lokacin da aka yanka, shi ya sa masu wayo ke jira sai saura 'yan sakan su jefa tayinsu. A na Japan kuwa mai kaya yana iya sa a ƙara minti biyar duk lokacin da aka yi tayi dab da rufewa. Ko wanne ne, zafin takara ya kan ɗebi mutum ya wuce abin da ya yi niyya. Maganinsa shi ne ya rubuta iyakarsa a takarda tun kafin a fara, in an wuce ta ya janye hannunsa.

Sai maganar la'ada, wadda mutane da yawa ke mantawa. Leica mai lamba 105 da muka ambata, a kan Yuro miliyan 12 guduma ta faɗi. Sauran miliyan 2.4 la'adar gidan gwanjo ce, kashi 20 cikin 100, wadda mai saye ke biya a kan kuɗin guduma. Ga lissafi ga malamai su ba 'yan aji. Mu ɗauka guduma ta faɗi a kan dala 200, la'adar mai saye kashi 20, ta mai kaya kashi 15. Mai saye zai fitar da 240, mai kaya zai karɓi 170, dala 70 ta tsaya a tsakani. A eBay ta Amurka abin da a ke cire wa mai sayarwa yana tsakanin kashi 13 da 14 cikin 100 ga yawancin kaya. Wanda zai saya daga wata ƙasa kuma sai ya ƙara kuɗin aikowa da na kwastan da canjin kuɗi, ya kuma sani gidajen waya da yawa suna da sharuɗɗa masu tsanani a kan ɗaukar batir. Sau da yawa in an tara waɗannan sai su fi kuɗin kyamarar kanta.

Abin Da Za A Duba

Ba a cinikin biri a sama. Ga abubuwan da masu taya na gaske ke tambaya, kuma su ne mai sayarwa ya kamata ya shirya amsarsu.

Batir da caja. Yawancin kyamarori suna da batir nasu na musamman. Ga waɗanda suka yi farin jini ana samun na wani kamfani, ga waɗansu kuwa babu. Batirin da ya kumbura ya mutu. Masu aiki da ƙananan batura na kanti kuma, in an manta da baturan a ciki shekaru, su kan zubar da ruwa su cinye ƙarfen. A buɗe murfin a duba ko akwai farin gari ko kore.

Katin ajiya. Akwai irin da aka daina yi, kamar SmartMedia wanda bai wuce megabayit 128 ba, da xD na Olympus da Fujifilm, da tsohon Memory Stick na Sony. Har masu cin katin SD ma, yawancin waɗanda aka yi kafin 2006 ba su karanta wanda ya wuce gigabayit 2. Kyamara mai katinta da cajarta da kwalinta ta fi tsirararta kuɗi ƙwarai.

Faranti. Cikin 2005 aka gane cewa waɗansu farantan da Sony ya ƙera tsakanin 2002 da 2004, waɗanda ke cikin kyamarorin Sony da Canon da Nikon da Fujifilm da waɗansu, suna lalacewa in sun sha zafi da danshi, hoto ya fito baƙi ƙirin ko da zane-zanen shunayya. Kamfanonin sun yi gyara kyauta a lokacin, amma an daɗe da rufe wannan ƙofa. Kyamarar da ta zauna a ƙasa mai zafi irin tamu ya kamata a gwada ta sosai. A ɗauki hoton farin bango ko sararin sama, a buɗe shi a kwamfuta, tabo da ƙurar hunturu za su bayyana.

Gilashi. A haska shi da tocila a duba ko fumfuna ta yi saƙa a ciki, abin da damina ke kawowa. A kunna a kashe sau da yawa, a ga ko gilashin yana fita ya koma ba tare da ƙara ko sarƙewa ba, domin a nan ƙananan kyamarori suka fi mutuwa.

Ƙiftawa. A manyan kyamarori akwai ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, kuma yana da iyakar kwana. Na EOS 5D an auna shi a kan ƙiftawa 100,000, na Nikon D3 kuwa 300,000. Kyamarori da yawa suna riƙe da lissafin nan a cikinsu, kamar yadda mota ke riƙe da lissafin mil. Wadda mai hoton biki ya yi shekaru yana aiki da ita ba ɗaya ta ke da wadda aka ajiye a gida ba.

In mai kaya ya rubuta cewa bai gwada ba, a ɗauka ba ta aiki, a taya ta a kan haka. A gwanjon Japan akwai kalmar da su ke sa wa irin waɗannan kaya mai nufin tarkace, wanda ya saya kuma ba shi da ikon mayarwa. Araha ba ta ado.

Ga Masu Riƙe Da Kayan Hukuma

Mu koma ga akawunmu na sito. Mu ɗauka ana rage kashi 20 cikin 100 na kuɗin kyamara kowace shekara a littafi. Bayan shekara biyar littafi zai nuna ba ta da sauran daraja. Littafi bai yi ƙarya ba, amma lissafin ofis ke nan, kasuwa tana da nata. Wata kyamarar da littafi ya kashe, lalle ta mutu. Wata kuwa tana cikin waɗanda a ke yayi, ko kuma gilashin da ke gabanta ya fi ta kuɗi, domin gilashi mai kyau ba ya tsufa da sauri kamar kayan lantarki, kuma yana hawa sababbin kyamarori. In aka rubuta "kyamara uku" kawai aka haɗa su da karyayyun kujeru, ɗan kasuwar da ya san abin zai kwashe su a banza, asarar kuma ta jama'a ce.

Abin da ya kamata shi ne a rubuta sunan kamfani da irin kyamarar da lambarta, a nemo caja da kati da kwali a haɗa, a gwada ta a rubuta abin da aka gani, a raba gilashi a sa shi daban, sa'an nan a duba abin da irinta ta yi kwanan nan kafin a yanka mafi ƙarancin kuɗin da za a sallama. Akwai kuma amana. Katin kyamarar ofis yana iya ƙunsar hotunan takardu da na yara 'yan makaranta, kuma hoton da aka goge ana iya dawo da shi da kwamfuta. A kwafe abin da ya kamata a adana, a share wanda ke cikin kyamarar kanta, in katin ya taɓa ɗaukar abin sirri kuma a riƙe shi kada a sayar, ko da hakan zai rage kuɗi.

To, jama'a, wanda ke da tsohuwar kyamarar dijital ya fito da ita yau ya cire batirin ya duba. In tana cikin waɗanda a ke nema kuma ba ya bukatarta, ya sayar tun tana aiki, domin ajiya ba ta ƙara mata lafiya. In kuwa ya duba ya ga ba za ta wuce dala talatin ba, ba lalle ne ta je gwanjo ba. Malamin makaranta zai iya ba yaransa ita su koyi yadda haske ke shiga gilashi ya zama hoto, su ɗauki kasuwar garinsu da ganuwarsa da dattawansa, a ajiye wa na baya.